Ko Kun Sani? Jinin da Ke Gagarar Ƙwayar Maleriya

Akwai mutanen da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke shan wuya kafin ta shiga jajayen ƙwayoyin jininsu. A 2017, masanan haɗakar MalariaGEN, wadda aka kafa a 2005 ba don riba ba, suka binciki ƙwayoyin gadon dubban 'yan Afirka. Suka gano cewa rukunin jinin Dantu yana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 40 cikin ɗari. A 2020, binciken da aka yi da jinin yaran Kilifi ta Kenya ya bayyana dalili: fatar jajayen ƙwayoyin jininsu a ɗaure take tamau kamar ta kalangu, sai cutar ta sha wahalar kutsawa. Abin farin ciki, masana na fatan a samar da maganin da zai kwaikwayi wannan baiwa. Dantu ya fi yawa a Gabashin Afirka.