Yaya ake gyara tsohuwar libarba da ta yi tsatsa?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kano, wanda ya gaji tsohuwar libarba daga kakansa.

To malam, libarba dai ƙaramar bindiga ce mai kurtun harsasai da ke juyawa. Ba'amurke Samuel Colt ne ya yi rajistar irin tasa a 1836, sojojin Ingila kuwa suka rungumi samfurin Webley a 1887.

Da farko a tabbatar babu harsashi ko ɗaya a ciki. Sannan a shafa wa ƙarfen man bindiga, a bar shi ya kwana, a goge tsatsar a hankali da soson ƙarfe mafi laushi. Kada a kankare ta da ƙarfi, domin baƙin launin nan ba fenti ba ne, wata irin baƙar tsatsa ce da maƙera ke yi da gangan don ta kare ƙarfen. In an goge shi, darajar bindigar ta faɗi. Haka kuma kada a taɓa lambar da ke jikinta.

Amma batun harbawa, a kul! Ƙarfen da aka ƙera don albarushin da, yana iya fashewa a hannu in ya haɗu da harsashin zamani. Gyaran ciki aikin gwani ne.

A ƙarshe malam, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana mallakar libarba sai da lasisin shugaban ƙasa, ko da ta gado ce. Saboda haka a fara sanar da 'yan sanda.

Da fatan ka gamsu.