KUSU DA RUMBU

Kaka ta wuce, ɗari ya shigo. A Kore Mairuwa da sauran garuruwan Dallol Mawri, manoma sun kai damman hatsi rumbu. Sun ajiye wake da gujiya. Wannan abinci shi zai riƙe gida har wata kakar. Amma akwai ɓarawon da ke jiran sa, shi ne kusu, wanda wasu ke kira ɓera.

Da damina kusu ya na samun abinci a gona. Idan an gama girbi, daji ya bushe, sai ya nufo gari.

Mu san kusu

Haƙoran kusu na gaba ba su daina tsawo muddin ya na da rai. Shi ya sa kullum ya ke gaigayar zana, da itace, da buhu, da ƙwarya. Ƙaramin kusu ya na iya shiga kafar da ba ta fi kaurin fensir ba. Macen ta na haihuwa bayan mako 3 kawai da ɗaukar ciki, kuma ta kan haifi ƴaƴa 10 ko fiye. A shekarun 1975 da 1976, bayan babban fari, kusa sun yi yawa a ƙasashen Sahel, sun yi ɓarna ƙwarai.

Ba ci kaɗai kusu ke yi ba. Ya na ɓata hatsi da fitsari da kashi. Ta haka ya ke kawo cuta, kamar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, cikin Nijeriya.

Dabarar masu jirgin ruwa

Ba manomi kaɗai kusu ya dama ba, har da masu manyan jiragen ruwa. Idan jirgi ya tsaya a tasha, kamar ta Kwatano, ana ɗaure shi da igiyoyi masu kauri. Kusu ya na bin igiyar ya shiga jirgi. Don haka sai ma'aikatan jirgi su sa wa kowace igiya wani ƙarfe mai kama da faifai. Idan kusu ya iso wurin, ba shi da abin kamawa, dole ya koma. Ba su jira ya shiga su kore shi ba, hanya su ka toshe masa.

Yadda za mu tsare rumbu

1. Kafin a zuba sabon hatsi, a fitar da tsohon, a share rumbu, a liƙe kowace kafa da laka.

2. Rumbun da ke bisa itatuwa, a ɗaga shi kamar mita 1 daga ƙasa, domin kusu gwanin tsalle ne. A yanka kwano kamar faifai, a sa wa kowace ƙafa, yadda masu jirgi ke yi wa igiya.

3. Kada a jingina tsani, ko kara, ko hauya a jikin rumbu. Reshen da ya taɓa shi, a sare.

4. A share ciyawa da shara kewaye da rumbu. Kusu ba ya son fili, ya na tsoron a gan shi.

5. A rufe bakin rumbu sosai bayan kowace ɗiba. Hatsin da ya zube, a tsince shi. Hausawa na cewa: in kusu da sata, daddawa ma da wari.

6. A ajiye mussa, wato kyanwa, a gida. A ɗana tarko a gefen bango, inda kusu ke bi. Kada mu jefi mujiya, kusa ta ke ci da dare.

Guba kuwa aikin manya ce. Ta na kashe kaji, ta na kashe mussa, ta na iya kashe yaro. Mushen kusu ma kada mu ɗauke shi da hannu. A binne shi, a wanke hannu da sabulu.

Tambayoyi

1. Don me kusu ke zuwa gari da ɗari?
2. Wace dabara masu jirgin ruwa ke yi?
3. Mene ne amfanin mujiya ga manomi?

Aiki

Ku duba rumbun gidanku. Ku ƙirga hanyoyin da kusu zai iya bi ya hau. Ku nuna wa iyayenku, gobe kuma ku faɗa wa malam.