Laifin Hukuma da Alhakin Talaka: Nazari a Kan Jamus ta Zamanin Hitila

1.0 Gabatarwa

Tambayar da wannan takarda ta ƙuduri aniyar dubawa ita ce: idan hukuma ta aikata ta'asa da sunan ƙasa, shin talakan da ba ya riƙe da sarauta, bai kuma ɗauki makami ba, yana da kaso a cikin alhakin abin da aka aikata? Tambayar tsohuwa ce, kuma amfaninta ya wuce zauren muhawara, domin da amsarta ake kafa hujja wajen yi wa birane ruwan bama-bamai, da ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, da neman diyya bayan an gama yaƙi.

Mun zaɓi ƙasar Jamus, daga shekarar 1933 zuwa 1945, ta zama abin nazarinmu saboda dalilai biyu. Na farko, hukumar 'yan Nazi ta bar takardu masu ɗimbin yawa, an kuma yi shari'o'i a kansu. Na biyu, su kansu Jamusawa sun shafe shekaru suna tafka muhawara a kan wannan batu. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, laifi yana kan wanda ya aikata shi kaɗai, amma nauyin abin da hukuma ta ɓata yana kan 'yan ƙasa baki ɗaya, kuma alhakin kowane mutum gwargwadon ikonsa ne da saninsa da moriyar da ya ci.

2.0 Laifi, Alhaki da Nauyi

Kafin mu shiga cikin tarihi ya kamata mu tantance kalmomi uku waɗanda akan cuɗanya su. Laifi shi ne aikin da mutum ya yi da hannunsa ko da umurninsa, wanda alƙali zai iya hukunta shi a kai. Alhaki ya fi laifi faɗi, domin Bahaushe yakan ce wane ya ɗauki alhakin wane ko da babu kotun da za ta kama shi, alal misali wanda ya ga ana cutar maraya ya kau da kai. Nauyi kuwa shi ne abin da ya rataya a wuyan mutum saboda kasancewarsa ɗaya daga cikin jama'a, ko da hannunsa tsarkakakke ne.

Wannan bambanci sananne ne a fikihun Malikiyya. Wanda ya yi kisa da gangan, shi kaɗai ƙisasi yake hawa, ba a kashe ɗan'uwansa a madadinsa. Amma idan kisan kuskure ne, danginsa na wajen uba su ne za su haɗu su biya diyya a cikin shekara uku, alhali babu wanda ya ce su ne suka yi kisan. Ke nan shari'a ta yarda a raba biya, ba ta yarda a raba laifi ba.

3.0 Rabe-raben Karl Jaspers

Masanin falsafa Karl Jaspers malami ne a Jami'ar Heidelberg, wanda 'yan Nazi suka raba da aikinsa a 1937 saboda matarsa Bayahudiya ce. Bayan faɗuwar Jamus ya gabatar da laccoci a kan laifin Jamusawa, aka buga su a littafi a 1946. Ya kasa al'amarin gida huɗu, ya kuma ba kowane gida alƙalinsa.

Na farko shi ne laifin keta doka, alƙalinsa kotu. Na biyu shi ne na siyasa, wato kowane ɗan ƙasa dole ne ya ɗanɗana sakamakon ayyukan hukumar da yake ƙarƙashinta, kuma bayan yaƙi wanda ya ci nasara shi ne yake yanke wannan hukunci. Na uku shi ne na ɗabi'a, wanda zuciyar mutum ce take tuhumarsa a kai, kamar yin shiru saboda kwaɗayi ko bin umurnin da ya san ɓarna ne. Na huɗu shi ne wanda yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, wato nauyin da mutum yake ji idan aka hallaka wasu a gabansa shi kuwa ya tsira. A ra'ayin Jaspers, na biyun ne kaɗai za a iya ɗora wa al'umma a dunƙule. Sauran ukun sai an bi mutum ɗaiɗai.

Kotun Nuremberg, wadda ta zauna daga Nuwamba 1945 zuwa Oktoba 1946, ta bi wannan hanya a kan kashi na farko. Mutum 22 aka yanke wa hukunci, aka ba 12 daga cikinsu hukuncin kisa, 7 ɗauri, aka sallami 3. Dokar da ta kafa kotun ta kuma tanadi cewa faɗar "umurni aka ba ni" ba ta wanke mai laifi, iyakarta ta sa a sassauta masa.

4.0 Ma'aunan Alhakin Talaka

Wurin da gardama take shi ne kashi na uku. Muna ganin akwai ma'aunai uku da za a iya auna shi da su.

4.1 Iko

Sau da yawa akan ce Jamusawa ne suka zaɓi Hitila. Maganar tana buƙatar gyara. A zaɓen Yuli 1932 jam'iyyarsa ta sami kimanin kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u, a na Nuwamba ta sauko zuwa kashi 33. Shugaban ƙasa Hindenburg ne ya naɗa shi shugaban gwamnati ran 30 ga Janairu 1933. Ko a zaɓen Maris 1933, wanda aka yi cikin tsoratarwa da kame, jam'iyyar ba ta kai kashi 44 ba. Amma ran 23 ga wannan wata majalisa ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba, da ƙuri'a 444, masu ƙi 94, bayan an hana wakilan 'yan gurguzu zama. Saboda haka mafi yawan masu zaɓe ba su jefa masa ƙuri'a ba, sai dai wakilan da suka tura ne suka buɗe masa ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Bayan mulkin ya kafu, shin ikon talaka ya ƙare ke nan? Tarihi ya nuna bai ƙare ƙaf ba. Lokacin da aka shiga kashe naƙasassu da masu taɓin hankali a asibitoci, har aka hallaka kimanin 70,000, babban limamin Katolika na birnin Münster, von Galen, ya yi wa'azi a fili ran 3 ga Agusta 1941 ya la'anci aikin. Kafin watan ya ƙare Hitila ya ba da umurnin dakatar da shirin, ko da yake kisan ya ci gaba a ɓoye ta wasu hanyoyi. A ɗaya gefen kuma, ɗalibai biyu 'yan gida ɗaya, Hans da Sophie Scholl, an kashe su ran 22 ga Fabrairu 1943 saboda rarraba takardun sukar gwamnati a Jami'ar Munich. Wannan ya nuna mana cewa magana tana da tasiri, tana kuma da tsada, kuma tsadarta a kan ɗalibi ta fi ta kan babban limami. Ba za mu ɗora wa mutum alhakin ƙin sayar da ransa ba. Amma akwai wuraren da ƙin yarda ba ya jawo mutuwa. Masanin tarihi Christopher Browning, a littafinsa na 1992, ya bi diddigin wata bataliyar 'yan sanda mai mutum kimanin 500, galibinsu magidanta daga birnin Hamburg. A Yuli 1942, a ƙauyen Józefów na ƙasar Folan, kwamandansu ya ba wanda ba zai iya harbi ba damar janyewa. Kimanin mutum goma sha biyu ne suka fito nan take, ba a kuma kashe su ba. Sauran suka harbe Yahudawa kimanin 1,500 a rana ɗaya.

4.2 Sani

Bayan yaƙi, amsar da aka fi ji a bakin Jamusawa ita ce ba su sani ba. Gaskiya ne sansanonin kisa irin su Auschwitz da Treblinka a ƙasar Folan aka gina su, nesa da idon yawancin jama'a. To, amma dokokin 1935 da suka tsige wa Yahudawa haƙƙin zama cikakkun 'yan ƙasa a jarida aka buga su. Ƙone wuraren ibadarsu da fasa shagunansu a daren 9 ga Nuwamba 1938 a tsakiyar garuruwa aka yi. Kwasar maƙwabta zuwa tashar jirgin ƙasa ma da rana tsaka aka riƙa yi. Wanda ya ga farkon abu ya ƙi tambayar ƙarshensa, jahilcinsa na ganganci ne, ba ya kuma zama uzuri cikakke.

4.3 Moriya da Taimako

Binciken Robert Gellately a kan takardun 'yan sandan ciki na Gestapo a yankin Würzburg ya nuna cewa ma'aikatansu kaɗan ne, kuma da yawa daga cikin ƙararrakinsu sun taso ne daga tsegumin da talakawa suke kai wa a kan maƙwabtansu. Haka nan kuma kayan ɗakin Yahudawan da aka kwashe an riƙa yin gwanjonsu a birane, mutane suna saye da araha. Wanda ya kai tsegumi, da wanda ya gaje shago ko kujerar aikin wanda aka kora, ba za a ajiye su sahu ɗaya da wanda ya kulle ƙofarsa ya yi shiru don tsoro ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

5.0 Haɗarin Kuɗin Goro

Duk da abin da muka zayyana, kuskure ne babba a yi wa al'umma kuɗin goro. Dalili na farko shi ne, wannan ita ce aƙidar 'yan Nazi kansu. Da ita suka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, da ita kuma suka shafe ƙauyen Lidice na ƙasar Cek a Yuni 1942, suka harbe mazajensa, don ramuwar kisan jami'insu Heydrich. Dalili na biyu, kamar yadda Hannah Arendt ta yi nuni, idan aka ce kowa mai laifi ne to an ba masu laifin gaske wurin ɓuya, domin ba a gurfanar da al'umma gaban alƙali. Dalili na uku, hukuncin gayya ba ya tantancewa. Bama-baman da suka kashe kimanin mutum 25,000 a Dresden a Fabrairu 1945 ba su bambanta mai goyon bayan Hitila da jariri ba, haka ma korar Jamusawa kimanin miliyan 12 daga gabashin Turai a ƙarshen yaƙin da bayansa. Saboda irin wannan ne Yarjejeniyar Jeniba ta Huɗu, ta 1949, a sashe na 33, ta haramta hukunta farar hula a kan laifin da ba shi ya aikata ba.

6.0 Nauyin da Ake Gado

Saura kashi na siyasa, wanda muka ce shi ne na kowa. A Satumba 1952 Jamus ta Yamma ta sa hannu a yarjejeniyar Luxembourg, ta ɗauki alkawarin biyan Isra'ila mak biliyan 3, da wasu miliyan 450 ga ƙungiyoyin Yahudawa. Daga harajin talaka aka biya, har da talakan da ya ƙi Hitila. Shi kansa Konrad Adenauer da ya sa hannu, 'yan Nazi sun tsige shi daga shugabancin birnin Cologne a 1933, sun kuma tsare shi a 1944. Willy Brandt, wanda ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawan Warso ran 7 ga Disamba 1970, gudun hijira ya yi zuwa Norway tun 1933. Babu ɗayansu da yake da laifi, amma sun ɗauki nauyin a matsayinsu na shugabannin ƙasar da ta yi ɓarnar.

Hujjar wannan a bayyane take. Ƙasa ba ta mutuwa da mutuwar gwamnati. Wanda ya gaji hanyoyinta da makarantunta da masana'antunta ya gaji bashinta, kamar yadda ba a raba gado sai an biya wa mamaci bashi. A kan wannan hujja ce Jamus ta amsa a 2021 cewa kisan da sojojinta suka yi wa Herero da Nama a ƙasar da ake kira Namibiya yanzu, daga 1904 zuwa 1908, kisan ƙare dangi ne, ta kuma yi tayin yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, ko da yake shugabannin waɗannan al'ummu da dama sun ƙi amincewa da tsarin.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, amsar tambayarmu ta kasu uku. Ta fuskar hukunci, babu abin da ya hau kan talaka sai abin da hannunsa ya aikata. Ta fuskar biya da gyara, kowane ɗan ƙasa yana da kaso. Ta fuskar alhaki kuwa, kason kowa yana ƙaruwa da ƙaruwar ikonsa da saninsa da moriyarsa. Daga nan za a fahimci cewa wanda yake zaune a ƙasar da ake zaɓe, jarida take da baki, kotu take aiki, alhakinsa ya fi na wanda yake ƙarƙashin bakin bindiga, domin damar hanawa ta fi yawa a hannunsa, tsadarta kuma ta fi sauƙi. Watannin farko na 1933 su ne lokacin da hanawa ta fi araha a Jamus.

Wannan ma'auni ya fi tsanani a kan masu ilmi. Dokar 7 ga Afrilu 1933 ta kori malamai Yahudawa daga jami'o'i, abokan aikinsu suka hau kujerunsu. Ɗalibai ne suka shirya ƙona littattafai ran 10 ga Mayu, kuma a wannan shekara Martin Heidegger ya karɓi shugabancin Jami'ar Freiburg ya shiga jam'iyyar Nazi. Manomi yana iya cewa bai karanta dokar ba. Malamin jami'a ba shi da wannan mafaka. Muna fatan mahalarta wannan taro za su ɗora a kan abin da muka kawo, musamman wajen auna waɗannan ma'aunai uku da tarihin wasu ƙasashe.