Tawada da Fentin Ruwa: Yaro da Koyon Zane a Zangon Kwatano

Kwatano shi ne birni mafi girma a Jamhuriyar Benin, ƙasar da ake kira Dahomey har zuwa shekarar 1975. Ko da yake Porto-Novo ce hedkwatar ƙasar a hukumance, tashar jiragen ruwa da fadar shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu duk a Kwatano suke. A tsakiyar birnin akwai unguwar Zango, wadda ake rubutawa Zongo a takardun hukuma. A mulkance ta kasu biyu, Zongo Nima da Zongo Ehuzu. Asalin kalmar zango shi ne wurin da ayarin fatake ke yada kaya su kwana. Daga baya ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi a garuruwa da dama na Afirka ta Yamma, kamar Kumasi da Lome. A Zangon Kwatano ana jin Hausa da Dendi da Zabarmanci da Yarbanci da Fon, ga kuma Faransanci wanda shi ne harshen hukuma da na makarantar boko.

Yaron da ya taso a irin wannan unguwa yakan shiga makaranta iri biyu, ta allo da ta boko. A kowace ana miƙa masa abin rubutu da launi, amma ba a cika lura da cewa kayan aikin nasu dangin juna ba ne.

Tawada

Yawancin kalmomin makarantar allo aro ne daga Larabci. Allo daga al-lauh yake, alƙalami daga al-ƙalam, tawada kuwa tana komawa ga dawat, wato gidan tawada. Ita ma kalmar launi daga Larabci ta zo. Amma kayan da kansu na gida ne. Ana sassaƙa allo da itace mai tauri kamar aduwa, a feƙe alƙalami da tsinken gamba ko kara.

Tawadar allo abu uku ce: baƙin gawayi ko na gindin tukunya, da ƙaro, da ruwa. A ƙasar Hausa akan ƙona itace a sami gawayin da ake kira zuge, a niƙa shi ya yi laushi, a tace, sannan a zuba ƙaron da aka jiƙa. Gawayi ba ya narkewa cikin ruwa. Ƙwayoyinsa yawo kawai suke yi a ciki, kuma da za a rubuta da shi haka nan, da zarar ya bushe sai ya kaɗe kamar ƙura. Ƙaro shi ke riƙe ƙwayoyin ya manna su a jikin allo. Idan ya yi kaɗan rubutu ya goge da hannu, idan ya yi yawa tawada ta yi danƙo ta ƙi bin alƙalami, rubutun kuma ya yi ƙyalli ya tsattsage. Muhimmin abu shi ne, ƙaro yana sake narkewa idan ruwa ya taɓa shi. Dalilin da ya sa ake iya wanke allo ke nan a sake sabon rubutu, shi ne kuma ya sa rubutun sha ya yiwu. Mai rubuta Alƙur'ani a takarda ba ya son wannan hali, saboda haka yakan nemi wata tawadar, wadda ake dafawa da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe, ita kuwa kama takarda take yi ba ta fita.

Fentin ruwa

Abin da Faransawa ke kira aquarelle, wanda yara ke gani a ɗan akwati mai jerin ƙwayoyin launi da buroshi, haɗinsa ɗaya ne da na tawadar allo: garin launi, da ƙaro, da ruwa. Bambancin kawai shi ne yawan launukan da kuma laushin niƙa. Ƙaron ma daga yankin Sahel ake kai shi Turai, daga itacen dakwara da danginsa, kuma Sudan da Chadi da Nijeriya su ne kan gaba wajen samar da shi. A Ingila, William Reeves ya sami lambar yabo a 1781 saboda ya daskarar da wannan haɗi ya zama ƙwaya wadda za a ajiye a jiƙa lokacin da ake so. Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a 1832, ya ƙara gilisarin a ciki don kada ƙwayar ta bushe ƙarau. Tun kafin su, Albrecht Dürer na Jamus ya zana wani zomo da irin wannan launi a 1502, zanen da har yau ake bugawa a littattafan makaranta.

A nan akwai matsalar suna wadda ya kamata ɗalibin harshe ya lura da ita. A bakin magina da masu shago, fentin ruwa shi ne wanda ake shafa wa bango, kishiyar fentin mai da ake shafa wa ƙofa da taga. Wanda ya shiga shago ya ce a ba shi fentin ruwa, bokiti za a ɗauko masa. Idan kuma aka ce launin ruwa, mai sauraro zai iya ɗauka kalar ruwan ake nufi. Saboda haka sai an ƙara bayani, a ce fentin ruwa na zane ko na takarda. A wannan takarda fentin ruwa na nufin na zane.

Aiki da shi yana da ƙa'idar da ta saɓa wa abin da yaro ya saba. Launin garai-garai yake, ana hango takarda ta ƙarƙashinsa. Ba a shafa fari. Inda ake son fari sai a bar takardar yadda take. Ana farawa da launi mai haske a bi da mai duhu, domin duhu yana rufe haske, amma haske ba ya rufe duhu. Idan ana son launi ya yi haske, ruwa ake ƙarawa. In an sa launi a jiƙaƙƙiyar takarda sai ya bazu ya shiga maƙwabcinsa, in kuwa busasshiya ce sai ya tsaya inda aka ajiye shi da kaifin baki. Duk gwanintar tana ga sanin lokacin da takarda ta sha iska daidai.

Wannan lokaci kuwa yanayi ne ke yanke shi. Kwatano tana bakin teku, tsakanin Atlantika da tafkin Nokoué, kuma damina biyu take yi a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Iska na ɗauke da laima kusan kullum. Shafin da zai bushe nan take a Kano ko Maraɗi da rani yakan daɗe a jiƙe a Kwatano, yaro kuwa ba ya jira. Yakan ɗora ja a kan kore tun bai bushe ba, a sami ruwan ƙasa mai dauɗa. Takardar littafin rubutu ma ba ta jure ruwa, nan da nan take kumbura ta yi tudu da kwari. Malami mai dabara yakan ba yaro takarda biyu ya riƙa aiki a ɗaya yayin da ɗayar ke bushewa, ya kuma taƙaita masa launuka zuwa uku, ja da shuɗi da rawaya, ya bar shi ya gano kore da kansa.

Launi a makarantar allo

Kuskure ne a ɗauka cewa makarantar allo baƙi kaɗai ta sani. Matakin farko na karatu sunansa babbaƙu, wato koyon haruffa ba wasali, na biyu kuma farfaru, inda ake sa musu wasulla. Sunayen da Hausawa suka ba haruffan ma siffarsu suke bayyanawa, kamar mim jaye da ta kuri da jim ƙarami koma baya. Yaron da ke haddace waɗannan sunaye yana koyon kallon siffa ne, ya san inda layi ya lanƙwasa da inda ya ja wutsiya. Wannan shi ne darasin farko na kowane mai zane.

A rubutaccen Alƙur'ani na hannu, irin na Kano da Borno wanda ke bin ruwayar Warshu, launi aiki yake yi. Ana rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, alamar alifin sadarwa kuma da kore. Akwai ma harafin da launinsa ya zama sunansa, wato alif ja. A gefen shafi ana yin da'irori masu ado don nuna izu da rabinsa da rubu'i da sumuni, da wuraren sujada.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce zayyana, kalmar da ta fito daga Larabci mai ma'anar ƙawatawa. Idan ɗalibi ya kai sauka, akan yi masa allo na musamman, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a kewaye su da zane mai launuka: murabba'i cikin murabba'i, da da'ira, da layukan da ke saƙa juna. Ba kowane malami ne ya iya ba, akwai gwanayen da ake kai wa aikin a biya su. Salah Hassan, masani ɗan Sudan, ya yi nazarin wannan sana'a a arewacin Nijeriya, ya fitar da littafi a kanta a 1992. A da ana samun launukan daga jar ƙasa da duwatsu da tsirrai, a haɗa da ƙaro. Yanzu tawadar kwalba da alƙaluman launi na kanti sun karɓe wurinsu a hannun masu yawa. Sun fi sauƙi, sun fi haske, amma wanda ya tashi da su bai san yadda ake auna ƙaro ba.

Sunayen launuka

Darasin zane wuri ne mai kyau na ganin yadda Hausa ke raba launi. Fari da baƙi da ja su ne tushe, kowanne da kalmar da ke ƙarfafa shi: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Kore ma yana da tasa, kore shar. Shuɗi yana da alaƙa da shuni na marina, rawaya kuwa sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. Sauran launuka ana gina su da kalmar ruwa a haɗa da sunan wani abu sananne: ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan lemo. A irin wannan gini ruwa na nufin launi, ba abin sha ba. Tsarin a buɗe yake, mai magana na iya ƙirƙiro sabo a fahimce shi. Yaron da ake koya wa jaune da gris a aji, ya koma gida ya ji ruwan ɗorawa da ruwan toka, yana riƙe da tsari biyu ne. Sai dai ɗorawa itaciyar yankin arewa ce, kuma yaron birni a bakin teku yana iya sanin kalmar bai taɓa ganin garin ɗorawa ba.

Boko da gidajen fasaha

Firamare a Benin shekara shida ce, daga ajin CI zuwa CM2, kuma gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare ta hukuma a 2006. Ilimin fasaha yana cikin manhaja. Amma soke kuɗin makaranta bai sayi buroshi ba. A aji mai cunkoso, inda ruwa sai an ɗebo, zane yakan tsaya ga fensir da kwaikwayon abin da malami ya zana a babban allo.

Wani ɓangare na wannan giɓi ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka shiga. Marie-Cécile Zinsou ta kafa gidauniyar Fondation Zinsou a Kwatano a 2005, ta fara da baje kolin ayyukan Romuald Hazoumè, shiga kuma kyauta. Gidauniyar ta buɗe ajin zane na yara mai suna Petits Pinceaux, wato ƙananan buroshi, ta kuma tanadi motar da ke ɗauko 'yan makaranta zuwa kallo. A 2013 ta buɗe gidan kayan fasahar zamani a Ouidah. Bayan Faransa ta mayar da kayan tarihi 26 na masarautar Abomey a Nuwamban 2021, an baje su a fadar shugaban ƙasa a 2022 tare da ayyukan masu zane na yanzu, mutane suka yi ta tururuwa.

Abin da za a zana

Ga iyaye da yawa a unguwar Musulmi, tambayar ba ta kayan aiki ba ce, ta abin da za a zana ce. Akwai hadisai da suka yi gargaɗi a kan sura abu mai rai, kuma malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a Afirka ta Yamma, an fi tsanantawa a kan sura mai jiki wadda ke da inuwa, kamar gunki, fiye da zanen da ke kwance a takarda. Wasu malaman kuwa sun haɗa duka sun hana. Itatuwa da gidaje da jiragen ruwa da zanen layuka kuwa mafi yawan malamai ba su hana su ba.

Wahalar ita ce, ƙaramin yaro da aka ba takarda mutum yake fara zanawa: da'ira da ƙafafu biyu. Georges-Henri Luquet, wanda ya wallafa nazarinsa kan zanen yara a Faransa a 1927, ya nuna cewa yaro yana zana abin da ya sani ne, ba abin da idonsa ke gani ba. Shi ya sa yake nuna mutanen da ke cikin ɗaki ta cikin bango, ya kuma sa wa mota ƙafa huɗu a jere. Malamin da ya ce masa ya yi kuskure bai fahimci matakin da yake ciki ba. Wanda kuma ya aika shi gida da hoton mutum ba tare da ya san ra'ayin gidan ba, yana iya jawo a hana yaron darasin gaba ɗaya.

Fentin ruwa yana da sauƙi ta wannan fuska, domin abubuwan da ya fi dacewa da su ba su da rai: sararin sama, hadari, ruwan tafki, kwalekwale, hasumiyar babban masallacin Zango. Zayyana ma darasi ce da ba mai ƙin ta, ga ta da awo da daidaito da haɗa launi. Kayan aikin kuma ba sai na kanti ba. Jar ƙasa da aka tace, da gawayi, da bula ta wanki, da gangamau, kowanne in an niƙa shi aka zuba masa ruwan ƙaro ya zama fenti. Ruwan zoɓo ma yana ba da ja mai kyau, sai dai yakan dushe ya koma ruwan toka bayan ya kwana biyu a takarda.