Idan Haɗin Manhaja Ya Ci Tura: Yadda Ake Gano Kuskuren Saiti

Gabatarwa

Duk wanda ya san Kano ya san Bata, wato mahaɗar nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, wadda ta samo sunanta daga kamfanin takalma da Tomas Bata ya kafa a garin Zlin a shekarar 1894. A wannan yanki ne wani ɗalibina ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo domin nazarin ƙwayoyin gadon sauro. Ya shafe mako biyu yana fafutikar haɗa SAMtools, manhajar da aka fitar a 2009 don tantance bayanan ƙwayoyin gado, abu ya faskara. Har ya ƙudurta mayar wa mai kanti kayarsa. Da muka zauna muka duba, sai muka tarar matsalar duk ta saiti ce.

Mene ne haɗin manhaja?

Yawancin manhajojin bincike suna zuwa ne a matsayin rubutu, wanda sai an juya shi zuwa harshen na'ura kafin ya yi aiki. Kamar yadda badukku ke yanka fata, ya ɗinka, sannan ya manna ƙasan takalmi, haka wannan aiki yake da matakai, kuma wani ba ya riga wani. Akan rubuta matakan a fayil guda, wato takardar umurni, sai wata manhaja ta bi su da kanta. Mafi shahara ita ce Make, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙira a 1976 a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Daga 1991 aka sami Autoconf, mai samar da ɗan shirin da ke fara leƙa kwamfutar ya ga abin da take da shi da wanda ta rasa.

Ɗalibin ilimin halitta ya san cewa iri mai kyau ba ya tsirowa a ƙasar da ba ta dace da shi ba. Takardar umurni iri ce, saitin kwamfuta kuwa shi ne ƙasar.

Inda matsala ta fi ɓuya

Na farko, rashin abin dogaro. Manhaja takan jingina da wasu ƙananan manhajoji. SAMtools, alal misali, tana buƙatar zlib mai matse bayanai. Idan babu ita, ko kuwa akwai ta amma ba a sa fayilolin da ake haɗi da su ba, aiki zai tsaya tun a matakin leƙe.

Na biyu, agogo. Make tana kwatanta lokacin da aka taɓa kowane fayil ne kafin ta yanke abin da za ta sake haɗawa. Tsohuwar kwamfuta kuwa sau da yawa ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, sai ta koma shekarun baya. Nan take fayiloli za su zama tamkar daga gobe suka zo, kuma shafukan intanet masu tsaro za su ƙi ba ta abin da ta nema. Wannan shi ne rabin ciwon ɗalibina.

Na uku, ɗaukewar wuta. Idan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar haɗi, takan bar fayil rabi da rabi mai ɗauke da sabon lokaci. Make za ta ɗauka an gama shi, ta wuce. Maganinsa a share duk abin da aka haɗa, a faro daga tushe.

Na huɗu, sunaye. Wasu takardun umurni kan rikice idan sunan jakar fayiloli yana da tazara a tsakiya, ko yana ɗauke da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Haka nan Make tana son layin umurni ya fara da alamar maɓallin Tab. Idan aka sa tazara a madadinta, ido ba zai ga bambanci ba, amma ita za ta tsaya.

Hanyar bincike

Mai karatu zai lura cewa dabarar ɗaya ce da ta ɗakin gwaji. A karanta saƙon kuskure na farko, domin sauran galibi 'ya'yansa ne. A canza abu guda a lokaci guda, a sake gwadawa. Wanda ya canza abu uku tare, ko da aiki ya yi kyau, bai san wanne ya warkar ba. A nemi kwamfutar da haɗin ya yi nasara a kanta, a mai da ita ma'auni. Sannan a rubuta komai a littafi, har da lambar bugun kowace manhaja.

Kammalawa

Haɗin da ya tsaya da ƙara ya yi wa mai bincike gata. Wanda ya wuce shiru da kuskure a cikinsa shi ne abin tsoro. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawai suka gano cewa wani shirin Python da aka wallafa a 2014, wanda masana kimiyyar haɗa sinadarai suka daɗe suna amfani da shi, yana ba da amsa daban-daban gwargwadon nau'in kwamfuta. Dalili kuwa shi ne kowace tana jera fayiloli a tsarinta, shirin kuma bai tilasta jeri guda ba. Saboda haka, bayan haɗi ya kammala, a gwada manhajar da bayanan da aka riga aka san amsarsu kafin a ɗora mata aikin digiri.

Shi kuwa ɗalibina, da muka sauya batirin agogo muka sa zlib, haɗin ya kammala cikin 'yan mintoci, kuma da wannan kwamfutar ya ƙarasa bincikensa.