Kiwon Mesa: Riba a Asiya, Darasi a Amurka

A ƙasashen Biyetnam da Tailan, kiwon mesa sana'a ce tamkar kiwon kaji. Makiyaya na tsare manyan mesa a keji, suna ciyar da su da ɓeraye da ragowar nama daga mayanka, sannan su sayar da fatar ga masu ɗinka jakunkuna da takalma masu tsada a Turai.

Binciken da masani Daniel Natusch ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, ya bi diddigin mesa fiye da 4,600 a gonakin ƙasashen biyu. Ya gano cewa mesa ta fi kaza da saniya mayar da abinci nama, kuma tana jure yunwar watanni ba tare da ta rame sosai ba.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Mai wayo na iya kamo mesa a daji ya ce ta gona ce. Shi ya sa yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ta wajabta takardar izini kafin a fitar da fatar.

Haɗari na biyu kuwa kuɓucewa ce. A jihar Florida ta Amurka, mesar Burma da ta kuɓuce daga hannun masu kiwo ta cinye ƙananan dabbobin dausayin Everglades, har gwamnati ta haramta shigo da irinta a 2012.