Neman sunan kakanni da suka yi sojan Faransa: dubawa a intanet ba a biyan ko dala

Daga Tawa har Damagaram, gidaje da yawa suna da labarin wani kaka da Nasara suka ɗauka soja a zamanin mulkin mallaka. Wasu sun dawo, wasu kuwa har iyayensu suka rasu ba a san inda aka bizne su ba. Yau akwai hanyar da jikoki za su bi su nemi sawunsu.

A shekara ta 2003 ma'aikatar tsaron Faransa ta buɗe wani shafi a intanet mai suna Mémoire des hommes. Ta zuba takardun soja sama da miliyan 1 da dubu 300 da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, akwai kuma na yaƙin 1939 zuwa 1945, da na Indoshin da Aljeriya. Cikinsu akwai ƴan Afirka ta Yamma da ake kira tirayar na Senegal, ko da mutum bai taɓa taka Senegal ba. A yaƙin farko kaɗai an ɗauki wajen dubu 200 daga wannan yanki.

Takardar yaƙin farko ƴar ƙarama ce, rubutun hannu. Tana ɗauke da sunan soja, da muƙaminsa, da rundunarsa, da lambarsa, da ranar da ya mutu, da wurin, da abin da ya kashe shi: harsashi, rauni ko ciwo. Wanda ke da intanet a waya yana iya dubawa, wanda bai iya Faransanci ba sai ya sa ɗan makaranta ya taimaka masa.

Wahalar tana wajen suna. Magatakardan Nasara yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa: Musa ya koma Moussa, Abdu ya koma Abdou, Mamman ya koma Mamane. Wani an rubuta sunan mahaifinsa a gaba, wani sunan garinsu aka liƙa masa. Don haka a gwada rubutu iri-iri, a juya sunayen gaba da baya. Shekarar haihuwa ma ƙiyasi ce, kada a dogara da ita. Haka wurin haihuwa: sai a 1922 Nijar ta zama mallaka mai zaman kanta, Damagaram ce hedikwata har 1926, saboda haka a nemi Zinder ko Tahoua. Kafin a fara, a tambayi tsofaffin gida, a buɗe adaka a duba ko akwai ɗan littafin soja. Lambar da ke ciki ta fi suna amfani, domin masu suna ɗaya suna da yawa.

Waɗannan jerin na mamata ne. Wanda ya dawo gida da rai, takardunsa na aiki suna ajiye a cibiyar adana takardun soja da ke garin Pau a Faransa, kuma wasiƙa ake rubuta mata, a haɗa da shaidar dangantaka.

Sai maganar kuɗi, inda ya kamata ƴan kasuwa su buɗe ido. Gaskiya ne an zalunci tsofaffin sojan nan. Dokar Faransa ta 1959 ta daskare fanshonsu, na abokansu Turawa yana ta hawa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, a 2001 kotun ƙoli ta harkokin mulki ta ba shi gaskiya. An fara daidaitawa a 2007, aka kammala a 2011. Amma fansho haƙƙin soja ne, bayansa kuma matarsa da marayunsa bisa sharuɗɗa. Ganin sunan kaka a shafin ba ya jawo wa jika kuɗi.

Saboda haka duk wanda ya same ki a rumfa, Hajiya, ya ce ki kawo jaka 20 zai fito maki da gadon kakanki daga Faransa, ki riƙe jarinki. Abin da ake samu shi ne ranar rasuwa da wurin da mutum ya faɗi, a sanar da dangi, a yi masa addu'a da sunansa. Allah ya jiƙan magabata.